Yadda ake zaɓen tsohuwar wagon mai dizal da kuɗi kaɗan

Wagon mai shan dizal mota ce ta mai iyali, mai kaya, mai doguwar hanya. Idan duk zirga-zirgarka a cikin gari take, daga gida zuwa wurin aiki, ka kai yara makaranta ka ɗauko su, to ka nemi ƙaramar mota mai fetur, za ta fi yi maka sauƙi. Injin dizal ba ya son gajeriyar tafiya. So yake ya ɗauki zafi, ya miƙe a kan titi awa uku, awa huɗu. Da mai irin wannan buƙata nake magana, musamman wanda kuɗinsa ba su kai na jif ba, amma yana son motar da za ta kwashe uwargida da yara da akwatuna da buhun masara ta kai su gida lafiya, shi kuma ya ji daɗin tuƙinta.

Ni sana'ata sayar da magungunan dabbobi. Daga Kano nake loda kwalaye in bi kasuwannin Jigawa da Katsina, wani lokaci in tsallaka wajen Matamaye da Damagaram. Fijo 406 wagon mai dizal ce ke yi mini wannan aiki, kafin ita kuma Marsandi na riƙe.

Ka fara yin lissafin mai tukuna. A Nijeriya gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashin dizal, shi ya sa shekaru da yawa litarsa ta fi ta fetur tsada nesa ba kusa ba, mutane suka guji ƙananan motocin gas, wato masu shan dizal. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tazarar ta ragu. Wagon mai inji 1.9 ko 2.0 na dizal, in lafiyarta ƙalau, tana shan wajen lita 6 a kilomita 100 a kan babban titi, alhali 'yar'uwarta mai fetur da kaya iri ɗaya sai ta sha 9 ko fiye. Tankin 406 lita 70 ne, ka cika shi a Kano ka isa Maiduguri da sauran mai mai yawa. Ka ɗauki farashin yau na gidan man unguwarku ka buga da yawan tafiyarka a wata. In ribar ba ta fito ba, kada sha'awa ta ja ka.

In ta fito, to abu na gaba ba mota ba ne. Kafin ka zaɓi mota, ka samo wanda zai riƙa gyara ta. Yawancin masu gyaran ƙananan motoci a garuruwanmu a kan fetur suka tashi. Ka kai wa irinsu injin dizal, sai su shiga canje-canje da ka, yau a sauya wannan gobe a sauya wancan, kuɗinka na zurarewa matsalar na nan. Gwanayen dizal suna wajen manyan motoci da janareto da Hilux da bas-bas, kuma a cikinsu akwai masu gyaran famfo da nozul, waɗanda ke da na'urar gwaji a shago, su ɗaura nozul su danna su ga yadda yake fesa mai. Irin wannan za ka nema, ka zauna ka gaishe shi, ka ce: “Maigida, cikin ƙananan motocin gas, wacce ka fi sanin cikinta, wacce kuma kayanta ke nan kusa?” Ka tambaye shi ko yana da kwamfutar duba inji. Amsar da zai ba ka ita za ta rage maka jerin motocin da ke ranka zuwa biyu ko uku. A ganina makanikan Maraɗi da Damagaram sun fi yawancin namu sabawa da ƙananan motocin dizal, domin a Nijar ba baƙi ba ne, ga matatar mai ta SORAZ da ke wajen Damagaram tana tace gazuwal, wato dizal, tun 2011. Wanda ke kusa da iyaka ya sa wannan a lissafinsa.

Daga nan ka taka zuwa kasuwar kayan gyara, Ƙofar Ruwa in a Kano kake, Panteka in Kaduna ce. Ka yi tambayar farashin filtar mai, taimin bel, nozul ɗaya, tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) da kuloci na motar da kake so. Duk abin da aka ce maka sai an yi oda daga Legas ko Kwatano, ka ƙaddara cewa ran da ya lalace motarka za ta kwana mako biyu a gareji.

Injin wane zamani?

Injinan dizal na ƙananan motocin Turai kashi uku ne, kuma sanin wannan ya fi sanin sunan mota amfani. Na farko su ne na kafin tsakiyar shekarun 1990, masu famfon ƙarfe zalla, ba kwamfuta. Ba su da gudu, suna da ƙara, amma suna haƙuri da man da bai cika tsabta ba, kuma duk mai gyaran famfo zai iya kwance su ya mayar. Na biyu na ƙarshen shekarun 1990 ne zuwa wajen 2005, su TDI na Volkswagen da HDi na Fijo da CDI na Marsandi da D-4D na Toyota. Suna da kwamfuta da tobo, sun fi ƙarfi, sun fi tattalin mai, amma suna tura man da matsi mai tsanani, fiye da 1,300 a ma'aunin matsi na “bar” a HDi, wajen 2,000 a wasu TDI, don haka ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai yana yi musu illa. Na uku su ne waɗanda dokar hayaƙi ta Turai ta tilasta wa sanya matatar toka a salansa, wadda ake kira DPF, daga wajen 2009, daga baya kuma aka ƙara ruwan AdBlue da ake fesawa a salansa don rage gubar hayaƙi.

Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a kashi na farko da na biyu. Na uku an ƙera su ne don dizal ɗin Turai, wanda tun 2009 sinadarin salfa a cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Namu ya shekara da shekaru yana ninka wannan sau da yawa. Ƙasashen ECOWAS sun amince da iyakar 50 a 2020, matatar Ɗangote ta fara fitar da dizal a 2024, abubuwa suna gyaruwa, amma ba wanda zai rantse maka a kan abin da ke cikin famfon gidan man ƙauye. Matatar tokar nan in ta toshe, kwamfuta sai ta daƙile injin, ka taka har ƙasa mota ta ƙi wuce gudun keke napep. Wasu kan fasa ta su cire, su taɓa kwamfutar, amma aiki ne da ba kowa ya iya ba, kuma ni ban ga dalilin sayen motar da sai an yi mata tiyata kafin ta yi aiki ba.

Dalilin da ya sa tsofaffin motocin dizal suka yi araha a Turai ba lalacewa ba ce. Bayan badaƙalar hayaƙin Volkswagen ta 2015 Turawa sun juya wa dizal baya, birane kuma suka fara hana tsofaffi shiga tsakiyarsu, Antwerp a 2017, Brussels a 2018. Sai dai akwai dokar shekarun motar da za a iya shigowa da ita, don haka da yawa daga waɗanda zan ambata yanzu a hannun mutanen gida za ka same su, ba a jerin 'yan Beljiyam da suka sauka jiya ba.

Motocin da suka cancanci a duba

Marsandi W124, wadda muke kira bi-but, ita ce ta fi kwanta mini a rai har gobe. An ƙera wagon ɗinta daga 1985 zuwa 1996. Ka rufe ƙofarta ka ji nauyin ƙarfe, ka dubi waifarta guda ɗaya tal da ke miƙewa ta share kusan duk gilashin, ka hau titi mai gargada ka ji yadda take shanye ramuka ba ta sanar da na bayan mota ba. Wasu suna da ƙarin kujera a but mai kallon baya, yara biyu su zauna, mutum bakwai ke nan. Injin 250TD silinda biyar ne, 300TD shida, dukansu da sarƙa suke aiki ba bel ba, kuma kilomita 500,000 ba abin mamaki ba ne gare su in ana ba su baƙin mai a kan kari. Mai biyar ɗin ba ta da hanzari, sai ka yi lissafi kafin ka wuce tirela, amma da tsohuwar zuma ake magani. Abubuwa uku za ka lura da su. Bayan wagon ɗin yana da na'urar mai da ke ɗaga shi in an yi lodi. In tulunanta biyu suka mutu, bayan motar sai ya yi tauri yana tsalle, kuma da yawa a nan an cire ta an sa shokazoba na gama-gari, sai mota ta riƙa zama da gindi in ta ɗauki kaya. Na biyu, a ƙirar wajen 1993 zuwa 1995 robar wayoyin inji tana marmashewa, ka ɗan lanƙwasa ɗaya da yatsa ka gani. Na uku, da iska ake kashe injin nan, don haka in ka murɗa makulli ya ci gaba da aiki, wata 'yar tiyo ce ta huje, gyaran ba tsada, kada dillali ya tsorata ka kuma kada ka tsorata. Babban abin dai shi ne ƙaramar cikinsu ƙirar 1996 ce, don haka jiki za ka duba fiye da inji.

Fijo 504 da 505 wagon ba sai an gabatar da su ga Bahaushe ba. Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975 suka zama motocin tasha da na gidan biki. Yawancin namu masu fetur ne, mai dizal 2.3 an fi ganinta a Nijar. In ka dace da wadda ba ta yi haya ba, ga tsayi daga ƙasa, ga kujeru layi uku, babu wagon da ta kai ta a hanyar burji. Samun irinta ne wuya.

Fijo 406 wagon, ƙirar 1996 zuwa 2004, ita nake ba mafi yawan masu tambayata shawara. Da yake an harhaɗa 406 a Kaduna kuma hukumomi sun yi ta amfani da ita, fitila, gilashi, birki da kayan ƙafa duk suna nan a kasuwa, kuma kowane makaniki ya san ƙafarta. Kujerunta masu laushi ne, ka yini a kai bayanka bai ƙage ba. Na farkon suna da inji 1.9 TD mai famfon ƙarfe, mai sauƙin gyara, sai dai ba ya yafe zafi, in ya tafasa sau ɗaya gaskit ko tof, wato kan inji, na iya tafiya. Daga wajen 1999 aka kawo 2.0 HDi, mai ƙarfin doki 90 da mai 110. Ni mai 90 na fi so, don tarkacensa sun fi kaɗan. Ka guji 2.2 HDi, yana da matatar toka da wani ruwa na musamman da take buƙata. Ka guji kuma giya mai sarrafa kanta a wannan mota, ka nemi ta hannu. Raunin 406 a wayoyi da makunnai yake, sai ɗan famfon da ke cikin tanki a wasu HDi, wanda in ya fara mutuwa yakan tura garin ƙarfe zuwa babban famfo. Ka sa a buɗe gidan filtar mai a haska da tocila. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ƙasansa, ka yi sallama ka tafi.

Sai dangin Volkswagen masu 1.9 TDI, injin da ya yi suna wajen juriya da tattali. Passat wagon ta 1997 zuwa 2005 jikinta ba ya saurin tsatsa, cikinta kuma da faɗi. Mai doki 90 ko 110 ta fi haƙuri da manmu. Mai 130 ta fi ƙarfi, amma dole sai baƙin mai mai lambar 505.01 a jikin galan, in ba haka ba kamshaf ya cinye. Ƙafarta ta gaba hannuwa takwas gare ta na alminiyam, hanyoyinmu kuwa suna cin su, don haka ka saurari ƙwanƙwasa in ta hau gargada. Akwai kuma wata 'yar magudana a ƙarƙashin batir da ganye ke toshewa, ruwan sama ya taru ya malalo ƙarƙashin kafet inda wata ƙaramar kwamfuta take, gilasai da makullai su rikice. Ka ɗaga kafet ɗin gaba ka taɓa, ka shinshina. Golf 3 da Golf 4 wagon da Skoda Octavia duk injin nan ne a cikinsu, kuma kayan jikin Golf 3 ko'ina akwai saboda 'yan haya. Kada ka kusanci 2.5 V6 TDI, haka ma 2.0 TDI na Passat ɗin 2005 zuwa 2008.

Volvo V70 mota ce mai daɗi da ƙwari, amma kayanta sai an nema. Toyota Avensis mai 2.0 D-4D ba laifi, mai 2.2 na wajen 2005 zuwa 2009 kuwa an san shi da ƙona gaskit, kada sunan Toyota ya rufe maka ido. Opel Astra wagon mai 1.7 na Isuzu ƙarama ce mai araha, ga wanda kayansa ba su da yawa.

Ranar dubawa

Da sassafe za ka je, kai da makanikinka, kuma ka gaya wa mai motar tun jiya kada a tayar da ita. Da isarka, kafin gaisuwa ta yi nisa, ka buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan inji. In ka ji ɗumi, za a ce maka: “Ranka ya daɗe, matsar da ita kawai muka yi don a wanke.” Ka karɓi maganar da fara'a, ka ce gobe za ka dawo. Injin dizal da ya gaji a sanyi yake tona kansa, in ya yi zafi kuwa sai ya tashi lafiya ya ɓoye komai.

Tun injin yana sanyi ka buɗe tulun ruwan lagireto. Ruwan ya kasance mai launi, kore ko ja ko shuɗi. In ruwan famfo ne ja-ja da tsatsa, an daɗe ana cutar injin. In mai na yawo a samansa, matsala ce babba. Ka matsa babbar tiyon ruwa, ya kamata ta yi laushi, in ta yi tauri tun da safe iska na shiga daga silinda. Ka tambaya ko tamostat na nan. Al'adar cire shi da haɗa fanka kai tsaye ta zama ruwan dare a garejinmu, injin dizal kuwa in bai kai zafinsa ba yana ƙara shan mai yana tara toka, kuma sau da yawa an cire ne don a rufe wata matsalar zafi. Baƙin mai da ya yi baƙi ƙirin kada ya dame ka, a dizal haka yake komawa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya yi fari-fari mai kauri a ƙarƙashin murfi shi ne abin tsoro.

Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Duk fitilun gargaɗi su kama, har da ta hita mai siffar murɗaɗɗiyar waya da ta inji. Wadda ba ta kama ba wataƙila an cire ƙwanta ne. In ta hita ta mutu ka tayar. Lafiyayyen inji kik ɗaya yake tashi, ya ɗan yi ƙara, ya daidaita. Kai kana ciki, makanikinka na tsaye a bayan salansa. Farin hayaƙi kaɗan a tashin farko, musamman da hunturu, ba laifi in ya ɗauke cikin minti guda. Wanda ya ƙi ɗaukewa, in yana da warin ɗanyen gas mai yaji a ido, nozul ne ko saitin famfo ko silinda ta rasa matsi. In ba shi da warin, ruwa kuma yana raguwa, gaskit ne ko tof ya tsage. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko ta ringi ko ta tobo. Baƙi kaɗan in an taka da ƙarfi a tsohon inji ba komai, amma wanda ke turnuƙe na baya yana nufin nozul ko iska ba ta isa.

Ga gwajin da ban taɓa tsallakewa ba. Inji na aiki, ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana ɗan karkarwa a wurinsa, madalla. In iska ta ture shi, hayaƙi na bulbulowa daga ramin, ringi sun gaji, injin na neman a sauke shi, kuma kuɗin wannan aiki zai iya kai rabin kuɗin motar. Bayan an kashe, makaniki ya cire tiyon da ke shiga tobo ya taɓa sandar da ke tsakiya. Ɗan motsi gefe da gefe ana yafewa, motsi gaba da baya ko fikafikan da suka goge a jikin bango kuwa tobo ya ƙare.

Tuƙin gwaji kada ya zama zagayen layi. Ka ɗebi mutum uku a baya ku hau babban titi na aƙalla rabin awa. A giya ta huɗu, mota na tafiya a hankali, ka taka har ƙasa. In ƙarar inji ta hau gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. In ta ja sannan ƙarfin ya yanke farat ɗaya, kwamfuta ce ta daƙile ta saboda tobo ko wata na'urar auna iska. Allurar zafi ta hau zuwa wajen 90 ta tsaya cak, ko da esi na kunne. Da kun dawo ka kashe, ka saurari ƙarar kwaram-kwaram daga wajen giya, alamar filawil mai hawa biyu ya saki, sannan ka sake tayarwa da zafinta, don famfon da ya tsufa a nan yake gardama.

Daga nan sai rami. Gishirin da Turawa ke watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa, fenti na sama yana sheƙi. Ka shiga ramin da kanka da tocila da sukundireba, ka daddanna wuraren da ake kafa jak, gefen ƙasa na ƙofofi, da inda ƙafar baya ta kama jiki. Sabon baƙin kwalta da aka shafe ƙasan mota da shi abin zargi ne. Ka fitar da safayar taya ka duba raminta ko ruwa na kwana, ka duba leɓen ƙofar but ta ƙasa. Ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle zai nuna maka inda aka cike da bodifila, don ba zai kama ba. Wagon kuma a bayanta tarihinta yake. Sifirin da aka yi wa walda ko aka cusa wa roba, silin da ya yage, but da ya lotsa, duk shaidar haya ce da lodin da ya wuce ƙima. Ƙugiyar ja a baya tana nufin a Turai ta ja tirela ko ɗakin tafi-da-gidanka, kuloci da ƙafar baya sun sha aiki.

Lambar kilomita da ke mita kada ka ba ta gaskiya, mayar da ita baya aikin 'yan mintoci ne. Robar feda da ta suɗe, sitiyari da ya yi santsi, gefen kujerar direba da ya fashe, sun fi mita faɗin gaskiya. Ka duba jikin ƙofa da cikin bonet, makanikan Turai sukan liƙa 'yar takarda mai kwanan wata da kilomitar da aka canza mai ko bel. Motar da ta fito daga Beljiyam da gaske tana iya zuwa da takardar Car-Pass, wadda tun 2006 ake rubuta tarihin kilomita a cikinta. Ni dai na fi son mai 300,000 da shaidar kulawa a kan mai 140,000 da ba ta da ko takarda ɗaya.

Ka kula da motocin Ingila da aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka ana sayo masu sitiyarin dama da araha a mayar da shi hagu, a yanke wayoyi, a ƙara bututun birki, a yi walda a inda rai ya dogara. Ka duba ɓangaren da waifa ke kwanciya, da ramukan da aka toshe a bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, da dashbod da bai zauna daidai ba. In an juya, ko kyauta ce ni ba zan sa iyalina a ciki ba.

Takardu da ciniki

Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta zo daidai a jikin mota da duk takardu, ba kankara ba gyara. A farkon 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokinta na kan tudu, don haka wadda ta biyo ta daji da takardun bogi za a iya ƙwace ta a shingen kwastan ko bayan shekaru. Ka ɗauki takardar diyuti ka je ofishin kwastan da ƙafarka a tantance kafin ka biya ko sisi. A Nijar ka tabbatar sunan da ke kart giris, wato takardar mallakar mota, na mai sayarwar ne, ko akwai shaidar yadda ta zo hannunsa. A rubuta takardar ciniki da shaidu da kwafin katin shaidar mai sayarwa, la'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a fara taya mota. Duk aibin da kuka gani, makanikinka ya faɗi kuɗin gyaransa a gaban mai motar, da shi za ka nemi ragi.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a sayen. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, domin a makon farko akwai aikin da ba a ɗagawa. In injin mai bel ne, a canza taimin bel da famfon ruwa da robobinsu, ko da an rantse maka jiya aka sa, don in ya tsinke a dizal bawul da fistin ne ke karo. A canza baƙin mai da na giya da na birki, da duk filtoci, a wanke lagireto a zuba ruwan da ya dace, a mayar da tamostat. Ka duba tayoyi: lambobi huɗu da ke gefensu mako ne da shekarar ƙira, kuma mai hoton dutse da ƙanƙara ta lokacin sanyin Turai ce, zafin kwaltar watan Afrilu yana cinye ta da wuri. Passat da Golf 4 suna da ƙasa, kaskon baƙin mansu kuma alminiyam ne, ka sa mai walda ya yi musu farantin ƙarfe a ƙasa.

Sauran kuma hali ne na yau da kullum. Ni duk kilomita 5,000 nake canza baƙin mai, wanda aka yi don dizal, saboda ƙurarmu da salfar da ke cikin man. Da hunturu ina kaɗe filtar iska duk mako. In ka sha doguwar tafiya, ka bar inji ya yi minti biyu yana aiki kafin ka kashe, tobo ya huce. Ka tsayar da gidan mai ɗaya ko biyu da manyan motoci ke yawan sha, inda mai ba ya kwana a tanki. Na 'yan bumburutu sai dole, domin gas da aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfo ke buƙata, yana cin sa a hankali ba ka sani ba. Kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata. Ka sa a ƙara maka filta mai raba ruwa da mai kafin ta asali, ka riƙa zubar da ruwan da ya taru a gindinta. Sabuwar filtar mai ɗaya da sifanan da ke kwance ta su zauna a but kullum, kuma tun kana gareji ka sa makanikinka ya nuna maka yadda ake canza ta da yadda ake fitar da iska daga layin mai a irin motarka, ka yi da hannunka a gabansa har injin ya tashi.